Amfilifayar da Yaya Ya Gyara

Mijin autata makaɗin jita ne, kuma ban taɓa ɓoye masa abin da nake gani game da shi ba. Ba kiɗan na raina ba. Na yi dillancin tsofaffin kaya a garuruwan da ko gaisuwarsu ban iya ba, na ga makaɗan da suka fi manyan 'yan kasuwa rufin asiri. Shi kansa mutumin na raina. Siriri muke ce masa, don in ya tsaya a gicciye sai ka neme shi ka rasa. Irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa, su za su ba ka haƙuri.

A ɗakunan baya na gidana suke zaune, shi da Auta da 'yarsu. Gaban gidan kuwa sitona ne, inda nake tara abin da mutane suka gaji da shi: fankoki, tsofaffin rediyoyi, kekunan ɗinki, injin wanki marar ƙofa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma in ka kawo min kaya, kafin ka sauke na san abin da ya kashe shi, na kuma san dalilin da ya sa kake son rabuwa da shi.

Siriri yana kiɗa a ƙungiyar wani otal, kuma da aikin nan yake riƙe da iyalinsa tun ranar da ya auri 'yata. Shugaban ƙungiyar Kyaftin ake ce masa. Bai taɓa hawa ko kwalekwale ba, hular kawai ya saya, farar nan mai baƙin baki, ya kafa ta a ka har ta zame masa suna. Wata rana Kyaftin ya tara su ya ce baƙin otal sun canza, yanzu jita mai gurnani suke so, wadda za ta girgiza kofi a kan tebur, ba irin ta Siriri mai kama da kukan sauro ba. Ya kawo wani sabon makaɗi mai takalmi mai tsini, suna kiransa Ɗan Ƙwalisa, yana rataye da wani ɗan akwatin kanti mai fitilu ja da kore. Kujera ɗaya ce, in ji Kyaftin, mutum biyu. Ƙarshen wata kowa ya zo da kayansa a gwada. Wanda ya cika zauren shi zai zauna, ɗayan ya kama gabansa.

Siriri ya dawo gida ya zauna a bakin sito ya rafka tagumi.

Na ce, "To ka nemi irin akwatin Ɗan Ƙwalisa mana. Sai kuka?"

"Baba, wannan ba murya ba ce. Kwaikwayo ne. Na'ura ce a ciki take kwaikwayon abin da bawul yake yi."

"Bawul? Kwalaben tsohuwar rediyo? Waɗanda nake rasa inda zan zubar?"

"Su fa. Ni zan haɗa tawa amfilifayar, mai ɗaga muryar jita, da hannuna. Ta gaske."

Na ƙare masa kallo. Mutumin da mai shago zai ba shi ruɓaɓɓen ƙwai ya karɓa har da godiya, shi ne zai haɗa abin da zai girgiza otal. Amma na share masa teburin ƙuryar sito. Ba don na yarda da shi ba. Na dai duba na ga in aikin nan ya kuɓuce masa, bakuna uku ne za su dawo kan tukunyata.

Ya tone min sito kamar ɓera. A ƙarƙashin tulin kujeru ya zaƙulo wata tsohuwar amfilifayar gidan sinima da na kwaso lokacin da ake rushe ginin, ya ciro mata taransifoma biyu, kowace ta kai nauyin ƙosasshen jariri. Kwalaben ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya daga wani kwali, yana ɗaga su a haske kamar mai sayen zobe: ƙanana masu girman babban yatsa, da manya biyu masu tumbi. Farantin gashi na wani mataccen murhun lantarki ya kifa, ya huhhuda shi, ya zama gindin da komai zai zauna a kai. Akwatin lasifika kuwa ya ba kafintan layinmu aikinsa.

Daga nan sito ya koma warin dalma da ƙonanniyar roba. Ya tashi da abin, ya yini da abin. Abinci sai Auta ta kai masa har tebur, ta dawo ta tarar ya huce, ƙudaje na biki a kai. Jan farcenta ma bai tsira ba, da shi yake ɗiga alama a jikin wayoyi.

Na lura in abin yana kunne, da hannu ɗaya yake aiki, ɗayan yana cikin aljihu.

"Yanga ka fara tun ba a je ko'ina ba?"

"Wutar da ke ciki ta ninka ta bango, Baba. In na sa hannu biyu, ta ƙirjina za ta bi. Ko an kashe ma, 'yan gwangwanayen nan na cikinta suna riƙe wuta, sai an sauke ta kafin a taɓa."

"To in za ka mutu ka fita waje. Kada ka mutu min a cikin kaya."

Ranar da ya fara haɗa ta da jita da wata tsohuwar lasifika marar akwati, kwalaben suka yi ja a hankali kamar garwashi, ya murɗa maɓallin ƙarfi kaɗan, sai wani irin ihu ya fito, siriri mai huda kunne, kamar an take wutsiyar kare a cikin durom. Jikata ta tsandara kuka. Auta ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu.

"Baban yarinya, gidan za ka rushe mana?"

Ya kashe. Ni na ɗauka shi ke nan, a mayar min da taransifomomina. Shi kuwa ko a jikinsa, har wani murmushi yake yi. Ya jawo min kujera ya hau yi min bayani, ni da ban tambaye shi ba. Ya ce muryar jita tana shiga ne 'yar mitsitsiya, kamar raɗa. Kwalbar farko ta ɗaga ta, ta miƙa wa ta biyu, ita ma ta ninka, haka har ta isa wurin manyan. Irin wadda yake so, mai gurnanin, ninkin nata ya wuce hankali, shi ya sa wayar da ke bakin shiga take jin komai. In ta kwanta kusa da wayar da ke bakin fita, sai ta ji muryarta ta dawo mata, ta sake ɗagawa, ta sake ji, sai hauka. Saboda haka kowace waya da mazauninta. Masu ɗumama kwalabe a murɗe su biyu-biyu a manna su can lungu. Waɗanda dole sai sun haɗu, su gitta juna su wuce, kada su kuskura su jera.

Na ce, "Kamar ni da danginka ke nan. A gaisa a wuce."

Bai yi dariya ba. Ba ya dariya in an taɓa danginsa.

Ya yi kwana da kwanaki da wani tsinken katako a hannu, abin yana kunne, ya tura waya ɗaya faɗin farce, ya karkata kai ya saurara, ya mayar da ita, ya tura wata. Ƙato da gemu yana wasa da tsinke, ni ina ciniki a bakin ƙofa ina ba masu saye haƙuri. Abin da ya fito daga ƙarshe, in ka leƙa cikinsa, sheƙar tsuntsu ta fi shi tsari. Wata waya ta yi tsalle sama kamar gada, wata ta lafe a ƙasa, wata ta sha kwana ba gaira ba dalili. Amma ihun ya mutu. Ka murɗa har ƙarshe, ba ka jin komai sai ɗan huci.

Sai ya ɗauki jitar ya kaɗa.

Ba zan yi ƙarya don ina jin haushinsa ba. Na zauna a wuraren kiɗa da yawa a rayuwata, wasu ma ba zan faɗa a gaban 'ya'yana ba, ban taɓa jin irin wannan ba. Tsirkiya ɗaya ya taɓa, muryar ta fito da kauri, da gurnani a ƙarƙashinta, ta tsaya a iska ta ƙi sauka. Murafen tukwanen da na jera a kanta suka hau rawa. Mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya ajiye guduma ya tsallako. Auta ta tsaya a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa, tana kallon mijinta kamar yau aka kawo mata shi. Shi kansa ya canza. Ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga haɓa. Na ce a raina, ashe akwai mutum a cikin rigar nan.

Ana cikin haka yayansa ya shigo.

Yayan mai wayarin mota ne, yana da gareji a bayan tasha. Injiniya yake kiran kansa, har ya sa an rubuta a jikin ƙofa da jan fenti. Shi ya riƙe Siriri tun rasuwar ubansu, shi ya koya masa riƙon ƙarfen dalma, da ranƙwashi da zagi da komai, kuma bai taɓa bari sun haɗu bai tuna masa ba. A aikinsa ba shi da wasa, wannan kam na ba shi. In ya yi wa mota wayarin, sai ka ga wayoyi sun taru sun zama igiya ɗaya, an naɗe su da baƙin salatif tsaf, ba ko zare a waje. Ciwonsa ɗaya ne. A ganinsa duk abin da ke da waya a duniyar nan mota ne.

Siriri na ganinsa ya kashe amfilifayar ya jingine jita, haɓar da aka ɗaga ta koma ƙirji. Injiniya ya gaishe ni sama-sama, ya zagaya bayan tebur, ya duƙa ya leƙa.

"Wannan fa? Akuya ce ta yi amai a ciki?"

"Yaya, ai irin wannan, wato, yadda ake yi..."

"Yadda ake me? Ni na koya maka wannan ƙazantar? In wani ya buɗe ya gani, sunan wa zai ɓaci? Cewa za a yi ƙanin Injiniya ne."

"Zan gyara, Yaya."

Bayan ya tafi na ce, "Kai, me ya hana ka gaya masa abin da ka gaya min? Ni da ban tambaya ba ka cika min kunne da raɗa da gada. Shi da ya tambaya ka haɗiye harshe."

"Ba zai gane ba, Baba. Rufe bayan zan yi, ba zai sake gani ba."

Ya rufe ɗin, ya ɗaure da kusoshi, ya ɗauka ya yi dabara.

Ranar gwaji da safe na fita duba kayan wasu mutane da za su tashi daga gida. Siriri kuma ya tafi wurin kafinta karɓo akwatin lasifika, don kafintan ya ce fenti bai bushe ba sai ranar. Sito ya rage ba kowa sai Auta. A nan Injiniya ya iso da motarsa, wai ya zo ya kai ƙaninsa otal, kada a ce ba shi da kowa. Yadda Auta ta ba ni labari daga baya, yana shiga ya nemi sukudireba, ya zaro naɗin salatif daga aljihu.

Ta ce, "Yaya, ya ce fa kada kowa ya taɓa."

"Ni ne kowa? Je ki kawo min ruwa."

Ta kawo ruwa, ta tsaya tana murza hannu. Ya tattaro wayoyin nan kaf, na bakin shiga da na bakin fita da masu ɗumama kwalabe. Waɗanda suka yi gajarta ya ƙara musu tsawo. Ya jera su ya matse, ya naɗe su igiya ɗaya, yana fito. Yadda aka yi wutar gwangwanayen ba ta kama shi ba, ban sani ba. Wataƙila ita ma ba ta son hulɗa da shi.

Ni da Siriri kusan tare muka iso. Muka tarar an riga an sa amfilifayar a but, Injiniya yana zaune a mota yana danna hon. Auta ta ja hannun rigar mijinta za ta yi magana, yayan ya leƙo ta taga.

"Ku bar soyayyar nan sai an dawo! Lokaci na tafiya!"

Aka cusa akwatin lasifika a kujerar baya, Siriri ya matse a gefensa da jita tsakanin ƙafafu. Ni ma na shiga gaba, don fuskar 'yata ta gaya min akwai abin kallo. Ba mu kai ƙarshen layi ba Injiniya ya dubi madubi, baki har kunne.

"Na gyara maka ƙazantar nan. Na san in na bar ka ba za ka yi ba. Yanzu ko gaban wa ka buɗe ta ba ka jin kunya."

Na waiga. Fuskar Siriri ta koma kamar toka. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa. Na ce to, yau dai za a ji.

"Na gode, Yaya," in ji shi.

Zauren otal da rana ba abin sha'awa ba ne. Kujeru a kife a kan tebura, ƙasa a jiƙe da ruwan goge-goge, labule na warin tsohuwar taba. Ma'aikata biyu suna ninke tsummokin tebur a gefe. Kyaftin yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da aka sauke, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, sai ka ce alƙalin da zai yanke wa duniya hukunci. Mai ganga da mai piyano suna tsaye a bayansa.

Ɗan Ƙwalisa ne ya fara. Ya taka ɗan akwatinsa, fitilu suka kama, ya yi ta zuba gudu a kan tsirkiya yana karkaɗa kafaɗa. Ƙara kam akwai. Irin abincin gwangwani ne, ya cika maka ciki, ka fita ka manta me ka ci. Da Siriri zai fito da rabin abin da na ji a sitona, da an gama magana.

Shi kuwa Injiniya bai zauna ba. Ashe shi yake yi wa motar ƙungiyar wayarin, sun saba da Kyaftin. Tun ana sauke kaya yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana buga saman amfilifayar da tafin hannu.

"Shi ya harhaɗa, amma cikin nan aikina ne. Yau da safe na zauna na yi mata wayarin na gaske. Yaron yana da ƙoƙari, hannu ne dai bai faɗa ba tukuna."

Yaron da yake faɗa yana da furfura a gemu.

Aka ce Siriri ya fito. Ya haɗa wayoyinsa, ya kunna, ya jira kwalabe suka yi ja. Ya ɗan taɓa tsirkiya, murya ta fito ƙasa-ƙasa, da wani ƙugi a bayanta wanda a da babu shi. Ya kai hannu kan maɓallin ƙarfi. Na ga ya rufe ido kafin ya murɗa.

Ihun da ya fito ya fi na ranar farko, don yanzu da cikakken akwatin lasifika. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya saki tire, kofuna suka tarwatse. Mai ganga ya toshe kunnuwa ya duƙa kamar ana harbi. Kyaftin ya zabura har hular ta faɗi, muka ga sanƙon da ake ɓoyewa.

"Kashe! Kashe jarabar nan!"

Siriri ya kashe, kunnuwa na amsa kuwwa. Kyaftin ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Don mun daɗe tare, zan fita in sha taba. In na dawo ba ta gyaru ba, kada ka ce ban yi maka adalci ba."

Siriri ya durƙusa ya kwance kusoshin baya. Kowa ya matso. Ni ma na leƙa, kuma wallahi aikin ya yi kyau. Igiya ɗaya baƙa, sumul, ta taso daga wannan kusurwa ta bi gefe ta sauka a waccan, rassa na fita daga jikinta a jere. Ko a sabuwar mota sai haka.

Mai ganga ya ce, "Kai! Wannan hannu ya iya aiki."

Injiniya ya gyara tsayuwa, ya hura hanci.

Ɗan Ƙwalisa ma ya leƙo ta saman kafaɗar mutane. Ya dubi igiyar, ya ɗaga gira, ya dubi Siriri, sannan ya koma wurinsa ya hau goge jitarsa bai ce uffan ba. Shi kaɗai ne mai wayo a zauren nan, ya ga abincinsa ya faɗo masa a cinya.

Siriri ya sauke wutar gwangwanayen, ya zauna a kan dugadugansa yana kallo. Na zaro 'yar wuƙata ta aljihu, na buɗe, na danƙa masa a tafin hannu.

"Yanke," na ce. "Ka san mazaunin kowace. Ka yi ta tura su da tsinke har ni ma na kusa haddacewa. Kafin ya gama tabarsa ka raba su."

Ya riƙe wuƙar. Ya kai bakinta kan salatif ɗin.

"Me za ka yanka?" in ji Injiniya. "Kwalaben nan za ka duba. Tun farko na san za a yi haka. Wa yake haɗa abin kirki da kayan bola?"

Kayan bolan nawa ne, kuma a gabana ya faɗa. Na miƙe.

"Kayan bolan nan jiya waƙa suke yi, duk layinmu shaida ne. Naɗin nan naka ne ya haukata ta. Wannan ba mota ba ce, malam."

Ya yi wata dariya, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya don su taya shi.

"Haba Baba, da girmanka. Kai dillali ne, ka tsaya a kan fanka da keken ɗinki. Tun kafin a yaye wannan nake wayarin." Ya juya kan ƙaninsa. "Kai, gaya masa. Aikina ne ya ɓata ta?"

Mai piyano, mai ganga, har ma'aikacin da ke tsince fasassun kofuna, kowa ya zuba wa Siriri ido. Ta ƙofar gilashi ina hango Kyaftin, tabar ta kusa rabi. Kalma ɗaya ake nema a wurin mutumin nan. Ba zagi ba, ba faɗa ba. Ya ce e, ya ja wuƙa, ya ci gaba da ciyar da matarsa da 'yarsa.

Ya ɗago ya dubi yayansa, ya mayar da kai ƙasa.

"A'a, Yaya. Bawul ne."

Ya ninke wuƙar, ya miƙo min da hannu biyu, da ladabi, kamar ya yi abin kirki.

Na karɓa na sa a aljihu. Na sha jin kunya a kasuwanni, an taɓa kama ni da kayan da ban san na sata ba ne, an taɓa fitar da ni daga jirgin ƙasa a garin da ban san kowa ba. Amma ban taɓa tsayawa na faɗi gaskiya don wani ba, shi kuma ya mayar da ni tsohon banza mai surutu, sai ranar.

Kyaftin ya dawo yana warin hayaƙi. Siriri ya mayar da murfi, ya kunna, ya bar maɓallin can ƙasa inda ba za ta yi ihu ba. Ya kaɗa. Yatsun nasa ne, ba su manta komai ba, amma abin da ke fitowa bai fi rediyon mai gadi ba, ga ƙugi yana binsa. Bai kai tsakiyar waƙar ba Kyaftin ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ka san ba ni ba ne, baƙi ne. In an samu wani biki ƙarami zan neme ka."

Siriri ya ce ya gode. Shi ma ya gode masa.

A mota Injiniya sai fara'a yake yi, har ya kunna rediyo.

"Ka ga Allah ya raba ka da wahala. Dama kiɗa sana'a ce? Mutum da iyali yana tsalle a gaban mashaya. Gobe da safe ka zo gareji, ina neman hannu. Ni ba zan bar ka ka wulaƙanta ba, ban saba ba."

"To, Yaya."

Na ce a tsaya a sauke ni. Na gwammace in taka da tsofaffin gwiwoyina.

Da na isa gida na tarar an riga an sauke kayan a ƙuryar sito. Auta tana zaune a bakin ƙofar baya tana tsefe wa yarinya kai, idanunta sun yi ja.

"Da na sani da na kulle sito, Baba."

"Ko kin kulle, mijinki zai buɗe masa."

Ta ja gashin yarinyar da ƙarfi har ta yi ƙara.

Yanzu kullum da safe Siriri yana saka wata shuɗiyar rigar aiki da ta yi masa yawa, tsohuwar ta yayan ce, ya tafi bayan tasha. Na bi ta wurin sau ɗaya, na hango ƙafafunsa sun leƙo daga ƙofar wata tsohuwar tasi, kansa na ƙarƙashin sitiyari, Injiniya na tsaye a kansa yana cewa naɗin bai matsu ba. Yana dawowa da yatsu baƙi ƙirin, duk sun tsattsage. Jitar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsu, Auta ta fara rataya mata gyale.

Kwanakin baya ya shigo sito neman ƙusa, na ga ya tsaya a gaban amfilifayar, ya sa yatsa ya share ƙurar da ke kan maɓallin.

Na ce, "To ai yanzu ba Kyaftin, ba mai ganga, ba kowa. Ga wuƙa can a kan tebur. Ko don kunnenka ka raba wayoyin nan. In kuma ba ka so, ka gyara in samo mata mai so, ta tafi inda za a kaɗa ta."

Ya daɗe yana kallon wuƙar.

"Bar ta haka, Baba. Yaya yakan leƙo. In ya ga an kwance ba zai ji daɗi ba."

Ya ɗauki ƙusarsa ya fita. Ni kuwa sito ba ya zama da wurin banza. Na ɗauko wata matacciyar fankar tebur da ta daɗe tana tare min hanya, na ɗora a kan amfilifayar.